Karayar Hannu: Tambayoyin da Aka Yi Ta Yi Mini Bayan Ƙanƙara Ta Kayar da Ni

Na sauka tashar mota a Zinder da hannun dama cikin siminti, rataye a wuya. Kafin in gama shan ruwa zauren gidanmu a Birni ya cika da ƴan dubiya, kuma duk wanda ya ce "sannu da jiki" sai ya ɗora da tambaya. Wasu tsokana ce, wasu kuwa da gaske suke, domin da wuya ka sami gida a garin nan da kabu-kabu bai taɓa kayar da wani ba, ko yaro bai faɗo daga katanga ba. Da na ga tambayoyin iri ɗaya ne ke ta dawowa, a gida da fada (majalisar hirar abokai) da wurin aiki, sai na tattara su wuri guda. Aikina na kwamfuta ne. Abin da ke nan daga bakin likitocin da suka duba ni ya fito, sauran kuma mako 6 cikin siminti ne ya koya mini.

Wai me ya kai ɗan Damagaram kan ƙanƙara?

Wannan ta abokan fada ce, kuma ba amsa suke nema ba. Ɗayansu cewa ya yi, mu dai a leda muka san ƙanƙara, lokacin azumi, ba mu taɓa jin wanda ya taka ta ba.

Horon aiki na wata 3 ya kai ni Otawa, babban birnin Kanada. A tsakiyar garin akwai mashigin ruwa mai suna Rideau. In sanyi ya kankama ruwan kan daskare har ya ɗauki mutum, sai a share shi ya zama filin zamiya mai tsawon kilomita 7.8, har wasu ta kansa suke zuwa aiki da jaka a baya. Takalmin wasan yana da ƙarfe siriri a ƙasa kamar bakin wuƙa. Abokan aiki suka ja ni wata Asabar a ƙarshen Janairu. Na yi kamar minti 20 ina dafa kafaɗar wani, sai girman kai ya motsa na ce a sake ni. Ƙafafu suka yi gaba, ni na yi baya, na kai hannu ƙasa in tare. Sai na ji ƙas.

Faɗuwar ke nan da kowa ke yi: jiki ya tafi, tafin hannu ya riga shi isa ƙasa, nauyin mutum duka ya sauka a tsintsiyar hannu. Tsohuwar da santsin makewayi ya kwashe, da ɗan ƙwallo, da wanda babur ya watsar a yashi, duk karayarsu ɗaya da tawa. Tsakanin gwiwar hannu da tsintsiya ƙashi biyu ne, kuma na ɓangaren babban yatsa shi ya fi karyewa, daf da gaɓa. Wani likitan fiɗa na birnin Dublin, Abraham Colles, ya siffanta wannan karaya tun 1814, shekara 81 kafin a gano hoton ƙashi a 1895, har yau kuma da sunansa likitoci ke kiranta.

Yaya ake bambance karaya da targaɗe?

Ni ban sha wahalar ganewa ba, don hannun ya lanƙwashe kamar bayan cokali mai yatsu. Amma ba kowace karaya ke tona kanta haka ba. Maganar nan ta "tunda yana motsa yatsu ai targaɗe ne" ba ta da tushe, ina motsa nawa duka biyar a hanyar asibiti. Kumburi mai saurin tashi, ciwo a wuri guda in an danna ƙashi, kasa riƙe ko kofin shayi, waɗannan sun isa a je a yi hoto, abin da muke ce wa radiyo.

Akwai kuma wani ɗan ƙashi mai wayo a gindin babban yatsa, cikin ƙananan ƙasusuwa 8 na tsintsiyar hannu. Yakan tsage amma hoton farko ya fito fes. In ɗan ramin nan na gindin babban yatsa yana ciwo idan an danna, likita kan ɗaure hannun duk da haka, a sake hoto bayan kwana 10 zuwa 14. Jini ba ya wadatar ƙashin nan, shi ya sa in an yi masa sakaci yakan ƙi haɗewa.

Me za a yi a awar farko?

A cire zobe da agogo da awarwaro nan take, kafin kumburi ya rufe hanya. Azurfar da ke yatsana da sabulu wata ma'aikaciyar jinya ta murzo ta, ta ce da na ƙara rabin awa sai dai a yanka. Kada a ja hannun, kada a ce za a miƙe shi. A tallafe shi yadda yake da kwali ko ɗan katako, a naɗe da ɗankwali ko rawani sako-sako, a rataya a wuya. In akwai ƙanƙara a naɗe ta a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20. (Abin da ya karya ni shi aka fara ɗora mini a matsayin magani.) In fata ta fashe ko ƙashi ya leƙo, a rufe da tsumma mai tsabta a nufi asibiti, kada a barbaɗa komai a kai. Kuma kada tausayi ya sa a cika wa mai karaya ciki da fura, domin mai yiwuwa sai an sa shi barci kafin a gyara ƙashin.

Me ya hana ka zuwa wurin maɗori?

Kwana biyu da dawowata kawuna ya zo bayan magariba. Ya dubi simintin, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa kamar mai sayen tulu.

"Ɗana, wannan abin Nasara shi zai kwantar da kai. A fasa shi gobe in kai ka wurin maɗorinmu. Mako biyu ka ja guga."

"Kawu, an riga an gyara ƙashin, an yi hoto an ga ya zauna. In an taɓa yanzu gocewa zai yi."

"To mu da muka karye a da, hoton wa aka yi mana?"

Na sunkuyar da kai, don ba a ja-in-ja da kawu a gaban mutane. Inna ce ta raba gardamar: "Yaya, a bar shi ya cika kwanakinsa. In bai yi ba, ga ka ga shi."

Ban raina maɗora ba. Sana'a ce ta gado, suna kusa, ba sa cewa sai an biya kafin su taɓa ka, kuma karaya da yawa ta warke a hannunsu, musamman wadda ba ta goce ba. Sai dai jiki ne ke haɗa ƙashinsa da ikon Allah. Aikin mai gyara, maɗori ne ko likita, shi ne ya mayar da ƙashi mazauninsa, ya hana shi motsi, ya kuma bar wa jini hanya. A nan matsala biyu take. Ta farko, yatsa ba ya ganin abin da hoto ke gani, kamar karayar da ta ratsa cikin gaɓa. Ta biyu ita ce mai ban tsoro: in an tamke hannu da karare da tsumma a ranar farko, hannun na ci gaba da kumbura har kwana 2 ko 3, ɗaurin kuwa ba ya buɗewa. Jini ya yanke, nama ya mutu. Likitocin ƙashi a ƙasashenmu sun daɗe suna kuka da yaran da ake kawowa hannu ya riga ya yi baƙi, babu abin yi sai yankewa. Karayar yaro a saman gwiwar hannu ita ta fi wannan haɗari, don a nan babbar jijiyar jini ke bi daf da ƙashi. Ni ma ranar farko ba a zagaye mini hannu duka ba. Rabin siminti aka sa, sai bayan mako guda da kumburi ya saɓe aka rufe shi.

Ra'ayina shi ne a fara da hoto, ko da daga baya iyali za su yanke wata shawara. Babban asibitin ƙasa yana nan cikin gari, kuma kuɗin radiyo komai nauyinsa bai kai na hannun da ya warke a karkace ba. Yaro kuwa, da karayar da fata ta fashe, da wadda ta shafi gaɓa, waɗannan ba na gwaji ba ne.

Wace alama ce ke sa a koma asibiti ko da tsakar dare?

Ta yatsu ake leƙa hannun da ke cikin ɗauri, na asibiti ne ko na gargajiya. In ciwo yana ƙaruwa maimakon raguwa, magani ba ya taɓa shi, musamman in an miƙar da yatsu mutum ya yi ihu. In yatsun sun yi sanyi, sun yi fari ko shuɗi-shuɗi. In sun mutu ko suna suka kamar allura. In sun daina motsi, to ba a jiran gari ya waye. Awanni kaɗan ke raba hannu mai rai da matacce. Ga gwaji mai sauƙi: danna farce har ya yi fari ka saki, cikin daƙiƙa 2 ya kamata jini ya dawo. Wadda lalle ya rufe wa farce sai ta kula da ɗumin yatsun da motsinsu.

Wari daga ciki, ruwa yana tsattsafowa, zazzaɓi, wuri guda yana ƙuna kamar an sa garwashi, ko simintin ya tsage ko ya yi lako-lako bayan kumburi ya sauka, su ma a kai su likita ba tare da an kwana biyu ba.

Kwana nawa ake yi a ciki?

Babba mai karayar tsintsiyar hannu kamar mako 6. Yara mako 3 zuwa 4, don ƙashinsu ɗanye ne. A kwanakin farko jini ke taruwa ya daskare tsakanin guntayen. Cikin mako 2 zuwa 3 wani abu mai taushi kamar guringuntsi ya haɗa bakin biyu, daga nan ya soma tauri. Gyaran ƙarshe, inda jiki ke sassaƙe ƙullin ya daidaita shi, yakan ci watanni har fiye da shekara. Tarkon yana mako na 3: ciwo ya tafi, mutum ya ga kamar ya warke, alhali abin da ke riƙe da ƙashin bai gama ƙwari ba. Kada a tsallake hoton mako na farko ko na biyu. Lokacin ne ƙashi kan zame a ɓoye, in ya zame da yawa kuma sai a yi aiki a sa ƙarfe da ƙusoshi.

Alwala da salla fa?

Tun daren da na iso na tambayi limamin unguwarmu. Ya ce malaman Malikiyya sun gama wannan magana tuntuni, ita ce shafa a kan jabira: ka wanke gaɓoɓin da ke lafiya, ka wanke yatsun da suka fito in ba zai cutar ba, sannan ka jiƙa tafi ka shafa bisa simintin sau ɗaya. Ba sharaɗi ba ne a ce da alwala aka ɗaura shi, kuma ba shi da iyakar kwanaki, har ranar da za a cire. Haka ma a wankan janaba.

Abin da Malam bai faɗa mini ba shi ne yadda ake wanke hannun hagu da hannun hagu. Ƙanena ke riƙe mini buta. In ba ya nan, sai in matse ta tsakanin gwiwoyi in karkata, rabin ruwan a wando. A sujada makonnin farko ajiye daman nake a hankali, nauyin yana kan hagu. A sahu kuma na koma ƙarshen dama, jikin bango, kada wani mai sauri ya buge ni.

Da hagu kake cin abinci ke nan?

Da hagu. Lalura ce, babu laifi, amma horon shekara talatin ba ya fita a rana ɗaya: duk lomar da na kai baki sai in ji kamar Inna za ta buge mini hannu. Na koma cokali, na kuma daina shiga kwano ɗaya da mutane na ɗan lokaci, don hankalin kowa ya kwanta. Wanda hagunsa ya karye tasa matsalar a makewayi take, ruwa da sabulu su ne amsarsa.

Wajen gaisawa dafa ƙirji nake in ce a gafarce ni. Akwai masu zumuɗin da kan cafko yatsun da suka leƙo su girgiza, sai ka riga su ɓoye hannun.

Sutura kuwa, ba ka sanin darajar hannu biyu sai ranar da ka tsaya da bakin mazagi ɗaya a hannu, ɗayan a haƙori. Washegari na aika wa tela wanduna biyu ya sa musu roba. Jallabiya mai faɗin hannu ta fi komai. Hannun da ya karye shi ake fara zurawa, wajen cirewa kuma shi ne na ƙarshe.

Wanka, zafi da ƙaiƙayi?

Na baro sanyin da ke daskarar da gashin hanci, na tarar da ƙarshen hunturu, kafin a cire simintin kuma zafin Maris ya fara leƙowa. Farin simintin da muka sani yana son kamar kwana 2 kafin ya bushe sarai, kuma ruwa na lalata shi. Na roba mai launi ya fi sauƙi da jure ruwa, amma audugar da ke ƙarƙashinsa in ta jiƙe ba ta bushewa, fata ta yi ta dahuwa a ciki. Leda biyu nake sawa, a ɗaure bakin da tsumma sama da simintin, in ɗaga hannun in jingina a bango, in yi wanka da moɗa a hagu. Da an gama a kwance ledar.

Ƙaiƙayi shi ne jarrabawa. Tsinken tsintsiya, biro, kara, waya, duk kada a zura. Ni ma na zauna da tsinken tsire a hannu da ƙarfe 2 na dare ina shawara da zuciyata. Fatar ciki ta yi laushi, ɗan ƙwarzane sai ya zama gyambo ba ka gani, murfin biro kuma yakan maƙale ya yi ta cin nama. Abin da ya taimake ni shi ne iskar fanka ko mafici a bakin simintin, da ƙwanƙwasa saman wurin. Hoda da turare ba sa shiga. Ranar ƙura kuma tsohuwar safa nake yankewa in zura a kai.

Wane maganin ciwo ya dace?

Kwana 3 na farko su ne masu wuya, kuma rabin maganin shi ne ɗaga hannu sama da ƙirji: matashi biyu a gefe, yatsu suna kallon rufi, ana motsa su a kai a kai. Farasitamol ya ishi yawancin mutane. Babba kada ya wuce giram 1 a sha ɗaya, kada ya wuce giram 4 a awa 24, mai ciwon hanta ko ƙaramin jiki kuwa ƙasa da haka. Ibuprofen da danginsa, mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko mai juna biyu kada ya taɓa sai likita ya ce.

Sau uku aka yi mini tayin tramol, duk da kyakkyawar niyya. Mun san abin da ya yi wa samarin garin nan. Na tebur ba a san ƙarfinsa ba, yana kama mutum, yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma yana iya rufe ciwon da ya kamata ya tashe ka ka tafi asibiti.

Wane abinci ke haɗa ƙashi?

Gwaggona ta yi ta aiko da romon ƙafar saniya, na kuma sha da godiya, amma kalsiyam ɗin da ke cikin romo kaɗan ne. Babba na bukatar kusan miligiram 1,000 a rana, kofin madara na mililita 250 yana ba da kusan 300. Fura da nono, kindirmo, cuku, miyar kuka, zogale, riɗi, ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu, duk suna gabanmu a Kasuwar Dole. A haɗa da nama ko ƙwai ko wake. Bitamin D rana ce ke bayarwa, ita kuwa ba ma sayenta a Damagaram. Taba na jinkirta haɗewar ƙashi, haka ciwon sukarin da ba a kula da shi ba. Macen da ta daina al'ada, in ɗan tuntuɓe ya karya ta, a roƙi likita ya duba ƙarfin ƙashinta, domin karayar tsintsiyar hannu takan zama gargaɗin ta ƙugu.

Ana tafiya da siminti? Babur fa?

Kamfanonin jirgi da yawa ba sa ɗaukar mai sabon siminti na ƙasa da awa 24 zuwa 48 sai an tsaga shi, saboda kumburi. Nawa ya riga ya daɗe, ban samu matsala ba. Wahalar tana hanyar Yamai zuwa Zinder, kusan kilomita 900 ta Doso da Ƙonni da Maraɗi da Tasawa. Na nemi kujerar taga ta dama, matashi a cinya. Babur kam a jingine shi: dama ke ba da wuta da riƙe birkin gaba, hagu ke matse kuloci. Sai an cire simintin kuma damƙa ta dawo.

Ba ka shiga ƙunci ba?

Na shiga. An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ni ko murfin gorar ruwa ya gagare ni. Abin da ya fi ciwon ci mini rai shi ne roƙo: zo ka ɓalle mini maɓalli, zo ki yanka mini nama, zo ka yanke mini farce. Makon farko ana rige-rigen taimako, a na huɗu ƴan dubiya sun ɗauke ƙafa, kowa ya koma harkarsa, kai kuma kana nan da hannu a wuya. Na fara yi wa ƙanena tsawa ba dalili, har Inna ta kira ni ɗaki ta ce, "Hannunka ne ya karye ko halinka?" Daga ranar na koma fita fada da la'asar, na koyi rubutu a waya da murya, na karɓi rabin aikina ina yi da yatsun hagu. Wanda baƙin cikinsa ya kai ya hana shi barci da abinci na makonni, ya faɗa wa likita kamar yadda zai faɗi ciwon hannun.

Da an cire shi ke nan an warke?

Zarton da ake yanka siminti karkarwa yake yi ba juyawa ba, shi ya sa ba ya yanka fata, sai dai ƙara da ɗan ɗumi. Hannun da ya fito ban gane shi ba: siriri kamar na yaro, fata tana saɓa, wari kamar tsohuwar salka. Kada a kankare, ruwan ɗumi da sabulu da man kaɗe sun isa.

Tsintsiyar kuwa ta sandare, nan aikin masu gashin ƙashi ke farawa, waɗanda muke ce wa kine. Lanƙwasawa sama da ƙasa, matsa soso cikin ruwan ɗumi, taɓa kan kowane yatsa da babban yatsa. Wanda ya fi ba ni wuya shi ne juya tafi sama. Mako biyu ina ɗaga hannu a addu'a, hagu a buɗe, dama a karkace. Kafaɗa da gwiwar hannu tun ana cikin siminti ake motsa su, in ba haka ba su ma su ƙage. Jarkar ruwa ta lita 25 sai bayan kamar wata 3, cikakken ƙarfi kuma yakan kai shekara kafin ya dawo.

Za ka sake hawa ƙanƙara?

Inna ta ce in na sake ba da yawunta ba. Amma ɗalibanmu da ke tafiya ƙasashen sanyi, in an ja ku, ku sa kariyar tsintsiyar hannu da hular kwano, ku ɗan durƙusar da gwiwa, ku karkata gaba. In faɗuwa ta zo ku bi ta gefe, ku kuma dunƙule yatsu da kun kai ƙasa, don na bayanku da ƙarfe a ƙafa yake tafe. Ni ma an ce in nemi kariyar, kuɗinta bai taka kara ya karya ba, na ce ai kallo kawai na zo yi.

Jiya a fada na ɗaga butar shayi da dama, na zuba daga sama har ya yi kumfa, rabin ya zube a tabarma. Abokin nan nawa ya kira yaro ya ce ya sayo ƙanƙarar dala goma in taka a gani.